Jan Ɗigo a Wayar Larai

Falmata, ki tsaya ki ji ni yanzu. Kada ki ninke takardar nan ki cusa a jaka ki ce sai kin isa Ikko. Ki karanta ta nan inda kike a tasha, ko da direba na ta danna hon. Don Allah, don Annabi, yanzu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki addu'a Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin mutum. Ni ce Innarki. Rubutun na Rifkatu ne, maƙwabciyarmu, maganar kuma tawa ce. Na ce mata ta sa yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara mini komai, ba jarrabawa nake yi ba. Ita za ta kawo miki da hannunta kafin motarku ta tashi da la'asar.

Sau biyu ina fara miki maganar nan a ɗaki. Kina cewa, “Inna, bari in ƙarasa wannan,” idonki na kan kwamfuta. Saƙon murya kuwa na daina, tun da aka gaya mini kina danna shi ya riƙa gudu, muryata ta koma kamar ana koro ni. To takarda ba ta gudu.

Aikin nan naki ban san shi ba, sai abin da kika gaya mini da bakinki. Kin ce kamar kwalayen ɗinkina ne. Yadda nake da kwalin wuya, da kwalin hannu, da kwalin aljihu, in na yanka sau ɗaya sai in yi ta ɗorawa a kan yadi, haka ku ma kuke ƙera gutsi-gutsi. Wannan na kiran sunan yara, wannan na koyon baƙi, wannan na aika wa iyaye labari a waya. Duk mai son haɗa manhajar makaranta sai ya ɗauka ya jona, ba sai ya faro daga farko ba. Na gane wannan sarai. Shekara guda kuna zama kowace Asabar da malaman firamaren unguwarmu, ni ke dafa muku dambu. Yanzu kuma za ki kai wa kamfani a Ikko, su zuba a makarantun da ke kanki ba ki san iyakarsu ba.

To ga abin da ya hana ni cin abinci tun jiya.

Larai mai awara ta cire 'yarta Ummi daga makaranta. Tun ran Litinin yarinyar ke gindin kasko a bakin kasuwar Sabon Gari. Gobe da safe kawunta zai tafi da ita ƙauye wajen kakarta, an riga an ɗaure mata kaya. Dalili? Wayar Larai. Wannan gutsin naku mai aika wa iyaye labari, duk sati sai ya fito da hoton Ummi, ga jan ɗigo a gefensa. Sati uku a jere. Larai ta ce, “Yarinya kullum ja, kullum ja. In kan ba ya ɗauka, ai gara hannu ya koyi wani abu.”

Jiya Malama Habi, malamar ajinsu, ta zo gidan nan nemanki. Kina can Rijiyar Lemo wajen gwaggonki kina sallama. Ta zauna a bakin gadona ko mayafi ba ta cire ba. Ita ta gaya mini jan ɗigon nan ba faɗuwa ba ne. Wai alama ce kawai cewa saƙo ya shigo ba a buɗe ba. Wai in an danna, abin da ke ciki shi ne Ummi ta fi kowa iya karatu a ajin. Falmata, da ta faɗi haka sai da na dafa bango. Ta zaci hawan jinina ne. Ba shi ba ne. Yanzu zan gaya miki ko mene ne, kuma duk duniya daga ni sai mai rubutun nan muka sani.

Yayanki Bukar ba daƙiƙi ba ne.

Ki sake karantawa. Na san abin da aka gaya miki tun kina ƙarama, don ni na faɗa: Bukar boko bai karɓe shi ba. Yana aji huɗu lokacin. Babanku yana kan hanya da babbar mota, sai ya yi wata bai kwana gida ba, ya ce yara ni ya bar wa. Ni kuwa ko alif na boko ban sani ba. Abu guda na sani, na ji mata na faɗi a gidan suna: ja shi ne faɗuwa. In ka ga ja a takardar yaro, to ya faɗi. Sai na riƙa buɗe littattafansa in ya fita wasa. Kowane shafi ja. Sama ja, ƙasa ja, gefe ja. Na tambaye shi, ya ce, “Inna, ai na ci ne.” Na ce au, har da ƙarya? Na dake shi da igiyar keken ɗinki. Ba sau ɗaya ba. Ƙarshe ya daina kawo littafin gida, na ce ka ga, ɓoyewa yake. Na kama hannunsa na kai shi garejin masu gyaran janareto a Sabon Gari, na ce wa mai garejin, “Ga shi nan, kansa ba ya ja, ko hannunsa zai yi.” A gabansa na faɗa. Yana tsaye da wandon makaranta.

Sai da kika kai aji biyu. Kika dawo da littafi jajawur, na ɗaga takalmi. Rifkatu na tsakar gida ta zo karɓar ɗinki, ta riƙe mini hannu ta ce, “Yagana, me ta yi?” Na nuna mata. Ta yi dariya, ta ce, “Ke, ai malamai da jan biro suke duba komai. Kin ga wannan mai kama da ƙugiya? Daidai ke nan. Wanda aka gicciye shi ne kuskure. Yarinyarki ba ta da gicciye ko ɗaya.” Ban yi dariya ba. Na shiga ɗaki na jawo akwatin ƙarfe, na ciro littattafan Bukar da na ajiye don in riƙa yanka takardar gwajin ɗinki. Na zube mata. Ta buɗe na farko, ta buɗe na biyu. Dariyar ta tsaya. Ƙugiya ce, Falmata. Shafi bayan shafi, ƙugiya. Lokacin Bukar ya shekara biyar a gareji, farcensa ya riga ya yi baƙin da har yau bai fita ba.

Rifkatu ta ce in dakata ta share ido. Ki rubuta, baiwar Allah, lokaci na tafiya.

To ke da kika yi digiri, ki ji daga bakin jahila. In za ki ƙera abin da zai shiga gidan mutane, kada ki tambayi kanki me yake nufi. Ke kin sani, ke kika yi shi. Ki tambaya me uwar da ba ta karatu za ta gani in ta kalle shi ita kaɗai, tana gajiye, ba wanda za ta tambaya sai wata irinta. Mu launi muke karantawa. Mu fuska muke karantawa. Kun zauna shekara guda kuna gwada abin nan a hannun malamai da yara, ko sau ɗaya kun miƙa wa mai awara waya kun ce, “Baba, me kika gani?” Ni ina nan ina kawo muku dambu ina kwashe kwanuka, ba wanda ya nuna mini. Da kin nuna mini, da tun ranar na yi ihu.

Kuma kada ki ce ba a gaya miki ba. Malama Habi ta ce tun watan azumi ta faɗa miki. Ta ce ta ce, “Falmata, ki cire jan nan, iyayenmu tsoronsa suke ji. Ki sa murya, wayar ta yi magana da Hausa.” Har ta zauna kika ɗauki muryarta tana cewa ɗanku ya yi ƙoƙari, 'yarku ta yi ƙoƙari. Sai kika ce murya tana cin data, kuma duk wayoyin duniya haka suke nuna sabon saƙo, za a duba a zagaye na biyu. Ta ce sati biyu tana kiranki ba kya ɗauka. Ta ce, “Inna, ko na yi mata laifi ne?” Na ce aiki ne ya yi miki yawa. Na yi ƙarya dominki a gaban baƙuwa, kuma bakina ya saba, don na taɓa yi.

Malamin Bukar wani ne Malam Yohanna, mutumin Zariya, siriri mai keke. Da yaron ya daina zuwa, sau uku mutumin nan yana zuwa ƙofar gidanmu. Na farko na ce a ce ba na nan. Na biyu na ce a ce ina wanka. Na uku ya ƙi tafiya, ya tsaya a zaure yana sallama har na fito. Ya ce, “Maman Bukar, ki ba ni minti biyar in nuna miki wani abu.” Yana ƙoƙarin buɗe jaka. Na ce, “Malam, na ga abin da zan gani. Ku kun iya baki. Ɗana dai ba zai ƙare a ɗumama muku benci ba.” Ya ce, “Wallahi kina kuskure.” Kirista ne amma sai da ya ce wallahi, don in ji. Na saki labule. Ina jin ƙarar kekensa har ya sha kwana.

Me ya hana ni tsayawa? Kunya. Ina tsoron ya buɗe takarda ya ce in duba, a gane ban iya ba. Na gwammace in rasa karatun ɗana da a ga jahilcina minti biyar. Ke taki kunyar daban ce, amma na gane ta. Kina tsoron ki koma wa mutanen Ikko ki ce akwai gyara, su ce 'yar Kano ba ta gama aikinta ba. Shi ya sa kike kallon sunan Malama Habi a waya har ta katse.

Malamin da ya biyo ki har gida ba neman wani abu yake a wurinki ba. Ya ga abin da ba ki gani ba ne. Su ke tsaye gaban yaran nan daga safe har azahar, su suka san uwar da ke duka da uban da ba ya gida. Kin rubuta a takardunku cewa tare da malamai kuka gina, Rifkatu ta karanta mini, har da hotonku kuna murmushi. To tare ɗin har yaushe ne? Har ranar da suka faɗi abin da zai ɓata miki lokaci? In tare ne, maganarsu ta isa ta tsayar da aiki. In ba ta isa ba, ki cire hoton, ki ce ke kaɗai kika yi.

Sai kwalin. Ke kika kawo misalinsa, to bari in ƙarasa miki shi, don rabinsa kika sani.

Wata shekara wata makaranta a Sabon Gari ta ba ni ɗinkin yunifom na aji guda. Shugabar ta ce in zo in auna yaran. Na ce, “Madam, ba sai na zo ba, ina da kwali.” Ina taƙama da shi, sabo ne, na yanka shi da kaina. Na shimfiɗa yadi na yi ta zanawa ina yankawa, kwana huɗu na gama, ina jin ni ce gwanar Fagge. Ranar da aka kai, ko kai ɗaya bai shiga ba. Wuyan ya yi kaɗan da kamar yatsa biyu. Yatsa biyu kawai, amma a kowace riga. Na kwashe sati ina farkewa. Wannan bai dame ni ba, hannuna ne ya ɓata, hannuna ya gyara. Abin da ya dame ni, kafin in gane, na riga na ara wa teloli biyu a layinmu kwalin sun kwafa. Su ma wasu sun kwafa a wurinsu. Na bi na gaya wa waɗanda na sani. Sauran fa? Shekaru bayan nan ina wucewa ta Titin Ibrahim Taiwo in ga yaro da rigar makaranta an tsaga wuyan da reza, in ce a raina, wannan kwalina ne. Ban san telan ba, bai san ni ba.

Nawa kwali ne, ana ara hannu da hannu. Naki kin ce dannawa ɗaya ya isa ko'ina. A makaranta ɗaya tak kuka gwada, ga Ummi a gindin kasko. Rifkatu ta ce a nan makarantar ma akwai wasu yara biyu da aka daina gani, ba a tabbatar ko dalilin ke nan ba. Ni ba na son in tabbatar. In kin miƙa abin nan yadda yake, a wane gari za ki bi ki farke? Wa zai zo ya gaya miki? Uwar da ta cire ɗanta ba ta kai ƙara, Falmata. Gani take ta yi dabara. Ni shekara biyar ina ganin na yi dabara.

Abin da za a yi ta amfani da shi, a hankali ake yanka shi. A gwada a wuyan mai babban kai, a gwada a wuyan mai ƙarami, sannan a ba da aro. In kin makara kwana uku, kwana uku ne. In suka ce ba za su jira ba, to ba mutanen da za ki ba su yaran mutane ba ne.

Saura guda, ita ce mafi muni, don ba ta tsufa ba. Ran Lahadin nan Larai ta shigo gidan nan da wayarta. Ta ce, “Inna Yagana, ke da 'yarki ta ƙera abin, duba mini. Wannan ba ja ba ne?” Na karɓa na duba. Ni da na san abin da na sani, ni da akwatin ƙarfen nan ke ƙarƙashin gadona har yau. Ya kamata in ce, Larai, dakata, kada ki taɓa yarinyar nan sai an tambaya. Amma sai na ce a raina, wannan ai ba biron malami ba ne, na'ura ce, kuma Falmata ce ta yi, Falmata ba za ta sa ja a banza ba. Na miƙa mata na ce, “Ja ne kam.” Shi ke nan abin da na ce. Washegari Ummi ba ta je makaranta ba.

Kin ga, yarda da na yi da ke ita ta rufe mini baki. Haka duk unguwar nan. Suna cewa 'yar Yagana ce ta yi, ai ta san mu. Ki ji tsoron wannan yardar, ta fi zagi nauyi.

Yau da sassafe na ja ƙafata har bakin kasuwa. Na ce, “Larai, na yi kuskure, jan nan ba faɗuwa ba ne.” Tana juya awara ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, “Malama Habi ta turo ki ko? Ita ma ta zo jiya. Su malamai ai kullum yaro na ƙoƙari, don kada aji ya watse. Waya kuwa ba ta san kowa ba, ba ta jin kunyar kowa.” Na ce to a danna a karanta mata. Ta ce, “Wa zai karanta? Duk wanda ya karanta abin da yake so zai faɗa.” Sannan ta ɗago ta ce, “Ke ma da kika ga ja ai cire Bukar kika yi. Ga shi nan yana cin abincinsa, ya yi aure, me ya rasa?”

Me ya rasa. Ummi na zaune a kan bokiti tana yanka albasa, tana jinmu. Na juyo gida. Shi ne na aika a kira mini Rifkatu.

Kafin in taho Larai ta ce abu guda. Ta ce, “In mai abin ta zo da kanta ta ce ba haka ba ne, sai in ji.” Tana faɗa ne don ta san yau za ki tafi.

Ban ce kada ki je Ikko ba. Ki je, Allah ya ɗaukaka ki, ya sa ki fi haka. Ban taɓa yi miki baƙin cikin karatu ba, ko da yake duk ranar da kika ci jarrabawa sai na kasa kallon yayanki. Shi ne ma zai ɗauko miki akwati zuwa tasha, na sani. Kada ki nuna masa takardar nan. Wannan nawa ne, ni zan gaya masa da bakina in Allah ya ba ni ƙarfin hali, kuma ban yi miki alkawarin zan iya ba. Na tsufa, ina tsoron in mutu da shi, ina kuma tsoron fuskarsa in ya ji.

Amma mota ba ta ƙarewa. Akwai ta gobe, akwai ta jibi. Kawun Ummi kuwa da safe zai kama hanya, kuma yarinyar da aka kai ƙauye da sunan kanta ba ya ja, ba a dawo da ita. Ko an dawo da ita, ta riga ta ji an faɗa.

Allah ya tsare ki a duk inda kika sa ƙafa. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da masu gaggawa. Allah ya sa kada hannunki ya cuci ɗan kowa, da saninki ko ba da saninki ba. Allah ya yafe mini, ke ma ki yafe mini. Rifkatu na gaishe ki, ta ce hannunta ya sage.

Mutanen kamfani za ki kira su, amma ba su ne farko ba. Malama Habi za ki ba ta haƙuri, ita mai jira ce, za ta jira. Ki bar akwatin wajen Bukar ki fito daga tashar nan. Larai na bakin kasuwa, gefen masu gyaran takalmi, ba nisa, da ƙafa ma za ki isa. Ki karɓi wayar a hannunta, ki danna ɗigon tana kallo, ki ce ke kika yi shi kuma ke kika yi kuskure. Ki karanta abin da ke ciki da ƙarfi, yadda Ummi za ta ji daga kan bokitinta.

Larai, Falmata. Ita za ki fara gaya wa.